Ɓeran da Ya Daina Son Gyaɗa

Ku gama dariyarku tukuna, ni ba sauri nake ba. Shekara da shekaru ana kirana Illa Mai Kusu, wato mai ɓera, a garin Konni, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne maganar da wancan mai jar hula ya yi ɗazu, wai ba ɓera abinci ma har aiki ne? Zuba mini shayin nan, ɗana, ka zauna. Zan gaya muku yadda aikin yake, in haɗa muku da labarin Habibu ɗan Mamman na Bazaga, don saboda shi ne har yau ba kwa ganina babu gyaɗa a aljihu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan zama ne. Ina saurayi aka kai ni wurin wani tsohon malamin dabbobi a wajen Malbaza, Malam Ɗan Jimma, Allah ya jiƙansa, mai kiwon zomaye da zabbi. Ya ajiye mini kujera gaban kejin zomaye, ya ce kada in taɓa komai, in duba kawai. Da azahar ya dawo ya ce, "Mi ka gani?" Na ce zomaye. Ya ce in koma in zauna. Kashegari ma haka. Sai da na gaji da zaman har na fara tunanin guduwa, sannan wata rana na ce masa, "Malam, waccan mai baƙin kunne ta daina gyara gashinta." Ya ɗaga ta, ya shafa cikinta, ga kumburi. Ya ce to yanzu na fara aiki. Daga wurinsa na koyi cewa dabba ba ta faɗa maka ciwonta da kuka, abin da ta daina yi za ka nema.

Na daɗe da aure da 'ya'ya lokacin da Lokotoro Rabi, wata likitar bincike, ta aiko a kira ni. 'Yar wajen Illela ce, ta yi karatu mai zurfi a ƙasashen waje, ta dawo ta kama wani gida bayan gari, kan hanyar Tsarnawa. Ta ce tana neman mutumin da ya iya kallon dabba. Na shiga ɗakin da ta nuna mini, sanyin kilim, injin nan mai sanyaya ɗaki, ya buge ni, sai ga keji bayan keji jere har bango, cike da ɓeraye farare fat masu jan ido. Wallahi sai da na yi a'uziyya. Ni da na saba ganin ɓera a rumbu in bi shi da sanda, yau ga shi an sa masa kilim, ni kuma ina kwana a zafi.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ku kun fi ni sanin tramol, kada ku sunkuyar da kai, na san wasunku sun sani har a baki. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya wuni bisa babur, mai noma ya sha, har shanun huɗa da jakuna ana jiƙa musu a ruwa don su yi aikin da ya fi ƙarfinsu. Lokotoro ta ce shi da danginsa suna kama wani wuri ne can cikin ƙwaƙwalwa, wurin da sha'awa take. Masu bincike suna so su gani ko za a iya taɓa wurin nan da ɗan kuran kaɗan, wato wutar lantarki, sha'awar ƙwayar ta kwanta. Ta ce ba a san amsar ba tukuna, shi ya sa ake gwadawa kan ɓera. Ta maimaita mini har na haddace: kan ɓera, Baba Illa, ba kan mutum ba.

Ɗaukar ɓera kawai sai da na sake koyo. Ba a cafkarsa ta sama kamar shaho, zai tsorata, kuma ɓeran da ya tsorata ya ɓata gwajin ranar. Hannu ake shimfiɗa masa ya shinshina, ya hau da kansa, sannan ka tallafe ƙirjinsa. Ba na sa turare, ba na canza sabulu, in na ci albasa sai na wanke hannu da toka kafin in sa safar hannu. Kayan aikina ba su da yawa: sikeli ƙarami, kwalaben ruwa masu bakin ƙarfe, buroshi, bokiti, da ɓuntun shinkafa na shimfiɗa wanda sai na shanya shi ya sha rana na tankaɗe. Lokotoro lamba take ba su, ni kuwa suna nake sa musu. Akwai Gwauro, akwai Ɗan Kasuwa mai tara abinci a kusurwa, akwai Hajiya da ba ta cin abin da ya taɓa ƙasa.

Kejin gwaji daban yake. A jikinsa akwai ɗan ƙarfe, in ɓera ya danna sai ɗigon ruwan magani ya sauko a wani ɗan cokali. Da farko cikin wasa yake dannawa. Bayan ɗan lokaci sai ya bar wasa, ya bar gyaran gashi, ya tsaya kan ƙarfen nan. In ka shiga ɗakin da hantsi ba abin da kake ji sai ƙas, ƙas, ƙas, daga kowane keji, ba tsayawa. In aka rufe maganin kuma, nan ne abin yake. Haƙoransu su dinga kaɗawa, jiki na rawa kamar an tsamo su daga ruwa, suna danna ƙarfen da ba ya ba da komai. Na ga irin rawar nan a jikin samari a tasha, shi ya sa ba na son tsayuwa a ɗakin a irin ranakun.

Aikin sa waya na Lokotoro ne, nawa riƙe fitila da ɗumama ɓeran bayan an gama. Sai ta yi masa allurar barci, ta aske kansa, ta auna ta sake aunawa, sannan ta zura wata waya da ba ta kai kaurin gashin wutsiyar doki ba, ta kai ta daidai wurin da take nufi. A bisa kai ta ɗora masa 'yar hula mai tauri inda ake haɗa igiyar kuran. Kuran ɗin kuwa, ta ce ko a harshe aka sa maka ba za ka ji ba. Ranar da aka fara kunnawa ina tsaye kusa da Gwauro. Yana cikin dannawa sai ya tsaya, ƙafarsa ɗaya a sama. Ya sauke ta a hankali. Keji bayan keji ƙarar ta ɗauke, har ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kilim. Jajayen idanun nan duk suka juyo wajenmu.

Na ce, "Lokotoro, an dace!" Ta ce, "Tukuna. Kawo gyaɗa." Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane a gidan nan, kuma a hannuna yake. Ɓera yana son soyayyar gyaɗa fiye da yadda kuke son shayin nan. In ya bar ƙarfen magani amma ya ruga ya karɓi gyaɗa, ya riƙe ta da hannu biyu yana ɓarza, to akwai alamar alheri. Gwauro ya karɓa, Hajiya ta karɓa. Amma akwai wani babba da wayarsa ta ɗan kauce. Ya bar danna ƙarfe, gaskiya ne. Na miƙa masa gyaɗa, ya dube ta, ya dube ni, bai motsa ba. Na sa masa a gaban hanci, ta kwana a nan. Ba ya gudu, ba ya cizo, ba ya neman mace, in ka juya shi gabas nan za ka tarar da shi. Da cokali nake ba shi kunu don kada ya mutu. Na sa masa suna Malam Shiru. Lokotoro ta ce wannan bai warke ba, an kashe masa son komai ne gaba ɗaya.

Mamman shi ke kawo mana ɓuntu da gyaɗa da dusa a amalanken jaki daga Bazaga, duk ranar kasuwa. Dattijo ne mai kunya, tsohon makiyayi da shanunsa suka ƙare. Ɗansa Habibu ɗan kabu-kabu ne, magidanci, da matarsa Ai da 'yar ɗiyarsu. Shi ke ɗauko Lokotoro daga gida. Kai, ban taɓa ganin mai surutu irin Habibu ba! Tun daga ƙofa zai fara, "Baba Mai Kusu, ina talakawanka?" Ya zura hannu cikin kwanon gyaɗar ɓeraye ya damƙa, in bi shi da tsintsiya yana dariya yana watsawa a baki. Ya ce gyaɗata ta fi ta kasuwa don da yashi nake soyawa. Amma tramol ta riga ta kama shi. Ya rame, ya faɗi da babur ba sau ɗaya ba, wata rana ya sayar da akuyar matarsa, wata rana ya ɗaga wa uwarsa hannu. Mamman ba ya faɗin waɗannan, a gari muke ji. Abin da muke gani shi ne, in ya sauke kaya ba ya tafiya. Sai ya tsaya a taga yana leƙen ɓeraye masu hula.

Shekarar da abin ya faru muguwar shekara ce tun daga farkonta. Bazara ta yi tsanani, kuran na gari ya dinga ɗaukewa, gurup ɗinmu, injin da ke ba mu wuta, ya lalace ana tsakiyar zafi. Na jiƙa buhuna na rataya a tagogi, na wuni ina fifita da faifai, duk da haka na kwashe gawa cikin bokiti har da Ɗan Kasuwa. Gari kuma ya ɗauki magana. Wasu suka ce aljanu muke kiwo, mata suna ratse hanya kada su bi ta ƙofarmu. Wasu kuma suka ce akwai injin da ke cire wa mutum shaye-shaye. Waɗannan sun fi wuya. Za ka buɗe ƙofa da safe ka tarar da uwa ta kawo ɗanta, wani har da igiya a ƙafa, daga Illela, daga ƙauyukan Malbaza, har daga tsallaken iyaka. Lokotoro takan fito ta durƙusa gabansu ta ce ba ta da abin ba su, su kai shi gidan likita, akwai masu kula da irin wannan. Su tafi suna cewa rowa ce.

Mamman bai yi hayaniya ba. Ya jira ranar da ba kowa, ya cire takalmi a ƙofar buro, ɗakin da Lokotoro ke rubuce-rubucenta, ya ce, "Lokotoro, ki yi ma Habibu abin da kika yi ma kusun ga. In ya mutu na yafe." Ta ce, "Baba, ba zan iya ba. Ban san abin da zai yi wa mutum ba, kuma mai shan tramol dama yana bakin farfaɗiya, kuran zai iya tura shi ciki." Ya ce, "Ai lalas na. Mu mun san shi tun kakanni." Ku yaran gari ba ku san lalas ba. In saniya ta yi ciwon da ya ƙi jin magani, makiyayi yakan sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ɗora mata a inda ciwon yake. Mamman ya yi wa shanu da yawa da hannunsa, wasu kuma sun tashi. A ganinsa Lokotoro lalas take yi da wutar Nasara, ciwon yana kai, ta sa wuta a kai. Ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ya ce to, ya gode, ya sa takalminsa.

Wata ranar kasuwa na fito sauke buhuna sai na lura da jakinsa. Jakin nan na san shi, ɗan banza ne, shi ma an saba jiƙa masa ƙwaya. In ƙarfinta ya sake shi, cizo yake da harbi, kuma kullum sai ya juyo ya yagi buhun dusar da ke bayansa. Ranar nan yana tsaye kamar an dasa shi. Ƙudaje sun cika masa ido bai kaɗa kunne ba. A bayan kunnuwansa, hagu da dama, ga tabon ƙuna biyu, gashin wurin ya babbake. Na ɗebo dusa a tafin hannu na kai masa baki. Ko shinshinawa bai yi ba. Na ce, "Mamman, mi ka yi wa jakin nan?" Ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa an daɗe. Ya ce wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa wayoyi, sun gwada. Ya ce, "Ka gani, Illa? Ya bar nema. Shina aikinshi lahiya lau."

Na bar buhun a ƙasa na ruga na kira Lokotoro. Ta fito ta ga jakin, ta kama hannun Mamman, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi har cikin ɗakin ɓeraye. Ta ce in kawo gyaɗa. Na ba Gwauro, ya fizge ya koma kusurwa yana ɓarza, ya zo ya kama yatsana yana neman ƙari. Na ba Malam Shiru, ta faɗi gabansa, yana kallon bango. Lokotoro ta ce, "Baba, dubi da kyau. Wancan mai ƙwace shi muke nema. Wannan kuskure ne, ya lalace, kuma ba ya gyaruwa. Jakinka irin wannan ne." Mamman ya sunkuya gaban kejin Malam Shiru ya daɗe. Sai ya ce a hankali, "Wanga ba shi sata. Ba shi bugun uwa tai." Ta ce, "Ba ya komai, Baba." Ya ce, "Awo. Wanga na yaw warke."

Mun roƙe shi. Ta ce za ta kai Habibu babban gidan likita da kanta, a motar da za ta nema, ya ba ta zuwa jibi. Na haɗa shi da Allah da Annabi. Ya ce to, to, ya ji. Ya hau amalanke, ya taɓa jakin da sanda, jakin ya tafi tiryan-tiryan ba ya duban hagu ba ya duban dama. Kashegari Habibu bai zo ɗaukar Lokotoro ba. Muka kira wayarsa, a kashe. Ba mu jira jibin ba, muka ɗauki wasu 'yan kabu-kabu biyu muka nufi Bazaga.

Rana na tsaka muka isa. Gidan shiru, babu daka, babu rediyo. Jakin na ɗaure a inuwa, ga harawa gabansa bai taɓa ba. Ai tana bakin ɗaki da ɗiya a cinya, ta gan mu ta ja mayafi ta rufe fuska. Mamman ya taso da fara'a ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce mu zo mu gani da idonmu. Habibu yana zaune gindin itacen bedi, an yi masa wanka an sa masa farar riga, an aske kansa. A gefen goshinsa biyu ga tabon ƙuna, an shafa man shanu. Mamman ya ce jiya bai ma jira dare ba, da la'asar suka sa wa Habibu wayoyin nan, maƙwabta suka riƙe shi. Ya ce yaron ya faɗi ya yi ta shure-shure da kumfa, ya daɗe ƙwarai bai numfasa daidai ba, har sun ɗauka ya tafi. Da ya farfaɗo kuwa bai nemi ƙwaya ba, bai zagi kowa ba.

Lokotoro ta durƙusa ta haska masa ido, ta kira sunansa, ta matsa hannunsa. Idonsa a buɗe, yana bin ta da kallo kaɗan, ya bari. Ta miƙe ta juya mana baya. Ni ban san abin da zan yi ba, sai hannuna ya tafi aljihu da kansa, aikin kullum. Na durƙusa na ce, "Habibu, Mai Kusu ne. Ga taka, da yashi na soya." Na buɗe tafinsa na zuba. Ya dubi gyaɗar. Ɗiyarsa ta sauko daga cinyar uwarta ta rarrafo ta kama gwiwarsa ta miƙe, tana bubbuga shi tana gwalantu. Bai sunkuyo ba. Kaza ta zo ta tsaya, ta ga ba a kore ta ba, ta fara tsattsaga daga cikin hannunsa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, da rana tsaka, ga mutane kewaye da ni.

Mamman ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani, Illa? Ba shi son komi yanzu. Alhamdulillahi."

A ranar muka kai shi likita, daga can aka wuce da shi babban gari. Suka ce farfaɗiyar ta daɗe, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, abin da ya tafi ya tafi. Aka dawo da shi gida. Lokotoro ta ƙarasa gwajinta, ta rubuta abin da ta samu da abin da ba ta samu ba, ta ce hanyar da sauran nisa kafin a zo kan mutum. Bayan ta rufe gidan ta koma koyarwa, ni na koma kiwon zomaye. Malam Shiru a hannuna ya mutu, ina ba shi kunu.

To, mai jar hula, ka ji aikin ba ɓera abinci. In wata rana aka ba ka dabba ko mutum aka ce ya warke don ya yi shiru, ka miƙa masa abin da ya fi so ka tsaya ka gani. Habibu yana nan da rai, Ai ce ke ba shi fura da ludayi, ɗiyar har ta shiga lakwal, tana karatun boko. Duk sanda hanya ta bi da ni Bazaga nakan tsaya gindin bedin nan in gaishe shi, in buɗe tafinsa in zuba. Har yanzu kaji ke cinyewa.